Saƙon da Ya Shigo Wayar Hafsat

Tun ranar da aka kai Hafsat makwancinta, Inna Asabe ba ta taɓa barin wayar 'yar tata ta mutu ba. Idan babu wuta sai ta ɗaure ta a gefen zane ta kai shagon masu caji, ta zauna a benci har ta cika. A cikinta akwai muryoyin da Hafsat ta tura wa mutane, da hotunanta, kuma Inna ba ta iya lalubo ko ɗaya ba.

Wannan aikin na Khaulat ne, aminiyar marigayiyar tun suna firamare. Duk Juma'a bayan la'asar takan ratsa cunkoson 'yan kasuwa da motocin shanu, ta gangara unguwar bakin kogi, ta kunna wa Inna muryar 'yarta, sannan ta yi wa Radiyya kitso. Radiyya ita ce 'ya ɗaya da Hafsat ta bari, tana hannun kakarta tun rasuwar.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne, watanni ke nan Garzali, mijin Hafsat, yana zuwa zance wurin Khaulat.

Wannan Juma'ar ko zama Khaulat ba ta yi ba Inna ta miƙo mata wayar.

"Duba min, 'yar nan. Tun jiya take ƙara. Na nuna wa matar maƙwabcinmu, ta ce ita dai ta ga sunan Hafsatu a ciki, sauran Turancin ya fi ƙarfinta."

Khaulat ta karɓa ta buɗe. Saƙon tes ne daga wani kamfanin sayar da kaya ta intanet. Ya fara da gaishe da Hafsat da sunanta, sannan ya ce odarta ta taso daga Legas, idan ta iso Wudil za a turo lambobin da za ta bayar a miƙa mata kayan. A ƙasa an jero su: leshi ruwan zuma, takalmi da jaka, sai sarƙa mai suna.

Ta san leshin. Cikin kayan lefenta ne, ita ta zaɓe shi da yatsanta a wayar Garzali, a zauren gidansu, tana rufe fuska don kunya.

Ta dafa bango ta zauna.

"Me suka ce?" Inna ta matso.

"Wai... wai kaya ne suka taso, Inna. Da sunanta."

"Kaya?"

Inna ta dubi ƙasa. Can ta ɗago, fuskarta ta washe irin yadda Khaulat ba ta ga ta yi ba tun zaman makoki.

"Allahu akbar. Abin awon hawan jinin nan ne. Kina wurin ai, a asibiti, ta ce ta sa a kawo min daga Legas, in daina wahalar zuwa kemis. Ashe ba zafin ciwo ne ya sa ta faɗa ba. Ashe ta saya."

"Inna, an daɗe fa..."

"To ba ga shi ba? Kayan mutum ai ba sa ɓata idan da rabo. Hafsatu tana cikin ƙasa tana yi min aike."

Ta kai gefen mayafi ido tana murmushi tana hawaye. Khaulat ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya, ta fasa. Ta rufe saƙon, ta kunna wa Inna muryar da ta fi so, wadda Hafsat ke faɗa da mai nama a kan ya cika mata ƙashi. Ranar nan sai da ta tsefe kitson Radiyya sau biyu.

Washegari da yamma Garzali ya zo. Ma'aikaci ne a ɗakin karatu na jami'a, mutum mai sanyin magana, kuma tun rasuwar matarsa bai mayar da jikinsa daga ramar da ya yi ba. Yana shigowa zaure ya ga idanunta ya fasa gaisuwar da ya fara.

"Lafiya, Khaulat?"

"Da wane suna ka yi odar kayan nan, Malam?"

"Da akawun ɗin da ke wayata."

"Na waye?"

Ya zaro wayar yana dannawa, sai ta ga hannunsa ya tsaya cak.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali. "Ita ta buɗe shi, tun muna amarci. Ni ban taɓa dubawa ba, na ga dai yana buɗewa ne kawai. Layinta ne a kai."

"Layinta yana hannun Inna. Ni na karanta mata saƙon da bakina."

Ta faɗa masa yadda aka yi, har da abin awon hawan jinin. Ya zame daga kan tabarma ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago sai ya shiga ƙoƙarin canza lambar. Ya sa tasa, manhajar ta ce ta tura lambobin tabbatarwa zuwa tsohon layin, ya shigar da su. Ya nemi soke odar, aka ce kaya sun riga sun hau hanya, sokewar ma sai an tabbatar ta wancan layin.

"Ka ga ka ƙara tura mata wasu saƙonnin," in ji Khaulat.

"Ki taimaka min. Idan kin je, ki duba lambobin ki turo min, ki goge saƙon. Na karɓi kayan shiru, ni kuma in sayo abin awon in ce shi ne ya iso."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"In shiga ɗakin tsohuwar da ta ɗauke ni 'ya, in yi mata sata a wayar 'yarta? Sannan mu haɗu mu ba ta kyauta da sunan wadda ke kabari?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne, Malam. Jiya na yi shiru, kuma shirun nan bai bar ni na runtsa ba. Tun yaushe nake roƙonka ka tura manya su faɗa mata? Kullum sai ka ce a bari ta ƙara samun ƙarfi."

"Ina tsoron ta hana ni Radiyya." Muryarsa ta karye. "Ita kaɗai ta rage min. Kin san Inna, idan ta juya baya ba ta waiwaye."

"To ni fa? Ka san abin da ake faɗa a unguwar nan? Jiya Yaya Isyaku ya zaunar da ni. Ya ce shi ba zai ɗaura min aure da mijin ƙawata ba, a riƙa nuna gidanmu ana cewa jiran mutuwarta nake yi. Ya ce Alhaji Yahuza na kasuwar shanu ya sake turowa, kuma wannan karon ba zai ba shi haƙuri ba."

"Me kika ce masa?"

"Kuka na yi. Me zan ce? Ni kaina akwai ranar da nake tambayar kaina ko suna da gaskiya."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ya matso kaɗan, ya tsaya inda ya kamata ya tsaya.

"Ki ba ni zuwa Juma'a. Kawu Ja'afar ya tafi Indabo duba gona, yana dawowa zan ɗauke shi mu je wurin Inna. Kamfanin sun ce kayan ba za su iso ba sai bayan Juma'ar. Za mu riga su."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Kayan ba su jira Juma'a ba.

Ranar Laraba Khaulat tana tashi daga makarantar da take koyarwa wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ga sunan da har yau ta kasa gogewa: Hafsat. Inna ba ta taɓa kira da layin ba.

"Ki zo," Inna ta ce, ta kashe.

A ƙofar gida ta ci karo da matar maƙwabcin tana fitowa. Matar da kullum sai ta tsayar da ita da dogon surutu, yau ta kawar da kai ta wuce.

Inna na zaune a tsakar gida kan tabarma, da sabon mayafinta na zuwa unguwa. A gabanta kwali ne a buɗe. Leshin ruwan zuma ya zubo har ƙasa, takalmin ƙafa ɗaya a kife. Radiyya na gefe tana wasa da jakar, tana buɗewa tana rufewa.

Khaulat ta yi sallama. Inna ta amsa ciki-ciki, ba ta ce ta zauna ba. Ta durƙusa a inda take.

"Wani mutum ya kira da safe," Inna ta fara, muryarta a kwance. "Ya ce shi ne wakilin masu kaya, shagonsa na bakin tasha. Ya ce, Hajiya Hafsat ce? Na ce uwarta ce. Ya ce in zo da wayar. Na yi wanka, na sa kayan da ban sa ba tun rasuwa, na riƙo hannun yarinyar nan na ce zo mu karɓo aiken Ummanki. Ya duba wayar, ya karanta lambobinsa, ya miƙo min kwali. Har addu'a na yi masa."

"Inna..."

"Ban gama ba. Na kira maƙwabta su taya ni gani. A gabansu na yanka kwalin."

Ta buɗe tafin hannunta. Sarƙar ce, siririya, da suna a tsakiya an ƙera shi da haruffan Larabci.

"Boko ne ban yi ba, amma na yi allo. Wannan ba sai an karanta min ba, sunanki ne. Da na gani sai na ce, wataƙila Hafsatu ce ta saya wa ƙawarta, ai ta saba. Sai matar nan ta ɗauko takardar da ke manne a kwalin, ta ce an yi odar ne a watan nan, kuma ga sunan wanda ya biya."

Ta ajiye sarƙar a kan leshin.

"Ranar Juma'a, da kika karanta, kin san kayan nan?"

"Na sani."

"Kika bar ni ina murna."

"Na kasa ne, Inna. Na ga fuskarki, na kasa."

"Kin kasa." Inna ta gyaɗa kai. "Kwana nawa ina faɗa wa duk wanda ya shigo cewa 'yata ta tuna da ni? Da kin mare ni a ranar da ya fi min sauƙi."

Khaulat ta kifa kai a ƙasa tana kuka mai cin rai. Radiyya ta saki jakar ta taho ta dafa bayanta.

"Anti, waye ya dake ki?"

"Dawo nan," in ji Inna. Yarinyar ta koma tana waiwaye.

Wayar Hafsat ta yi ƙara a cinyar Inna. Ta dube ta, ta tura ta a kan tabarma har gaban Khaulat.

"Karanta. Kar ki rage min komai."

Khaulat ta share ido ta ɗauka.

"Sun ce... Hafsat, an miƙa miki kayanki. Muna fatan kin ji daɗinsu."

Inna ta rufe ido. Ba ta yi kuka ba, leɓenta kawai ke motsi.

A lokacin aka yi sallama daga zaure. Garzali ne, da alama shi ma kiransa aka yi. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya shigo a sunkuye. Yana ganin kwalin ya durƙushe nesa da tabarmar. Radiyya ta ruga ta faɗa jikinsa.

"Inna, barka da yamma."

"Baban Radiyya, ga kayanka. Sun yi ɓatan hanya."

"Inna, ki yi min rai. Laifina ne ni kaɗai. Ita ta daɗe tana cewa in turo a faɗa miki, ni na yi ta jan ƙafa. Jibi ma muka shirya zuwa da Kawu."

"Ni na hana ka aure? Tun da aka yi arba'in na ce maka namiji ba ya zama haka, ka nemi mata. Garin nan mata sun ƙare ne? Ka rasa wadda za ka nema sai wadda ta riƙe kan 'yata lokacin da ranta ke fita?"

"Saboda Radiyya ne, Inna. Babu wadda za ta riƙe ta kamar..."

"Kar ka sa yarinya a ciki." Karon farko muryarta ta ɗaga. Ta ja numfashi ta mayar da ita. "Da sunan Hafsatu ka sayi lefen wata. A wayarta aka yi ta min albishir. Ko maƙiyi ya zauna ya tsara, iyakar abin da zai yi min ke nan."

"Wallahi kuskure ne."

"Na yarda kuskure ne. Da ba a yi kuskuren ba, sai yaushe zan ji? Ranar ɗaurin aure, a bakin maroƙi?"

Daga can titi ana jin ƙahon motoci masu hawa gada.

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki. Ta fito rungume da Alƙur'ani a cikin gafakarsa, ta shimfiɗa sallaya ta ɗora shi a kai.

"Na yi waya da ƙanena Ƙasimu, gobe zai zo ya kwashe mu zuwa Achika, ni da jikata. Gidan nan ya fita a raina. Amma ban son in zalunci kowa. Tambaya ɗaya zan yi muku. Idan kun amsa ta a kan littafin nan, zan bar maka 'yarka, ku yi aurenku, ni in tafi ni kaɗai in ji da abin da ke damuna."

Ta dubi Khaulat.

"Kina da alwala?"

"Ina da ita."

"Wata nawa kina kwana da Hafsatu a asibitin Kano, shi yana kawo muku abinci. Ina gida ina sa miki albarka. Ki faɗa min, tun tana da rai kuka fara? Ko a baki, ko a ido, ko a zuci?"

Khaulat ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Wannan tambayar ba ta tsoronta. Ta ja gwiwa ta matsa, ta ɗora hannu.

"Na rantse da wanda ya saukar da littafin nan, ban taɓa kallon mijin Hafsat da wani ido ba tana raye. Ko a mafarki. Da ya fara min maganar, bayan shekara da rasuwarta, sai da na yi wata ban amsa wayarsa ba. In ƙarya nake, kar Allah ya haɗa ni da ita a gidan gaskiya."

Inna ta daɗe tana kallonta. Wani abu ya ɗan saki a fuskarta.

"Na ji. Ɗauke hannunki." Ta juya. "Saura kai."

Khaulat ta koma gefe tana share fuska. Ta fara jin numfashinta na dawowa. Yanzu zai matso, ya faɗi kalma biyu, a wuce wurin. Sauran fushin Inna lokaci zai wanke shi, ko da shekara za ta yi tana zuwa Achika tana durƙuso.

Garzali bai motsa ba.

"Ko ba ka da alwala ne? Ga buta can."

"Ina da ita, Inna."

"To bismillah."

Ya sauke Radiyya daga cinyarsa. Ya dubi Alƙur'anin, ya dubi hannunsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Malam," Khaulat ta kira shi a hankali. "Ka matso mana."

Bai kalle ta ba.

"Inna, zan rantse ban taɓa furta mata komai ba. Zan rantse ban ci amanar Hafsat da baki ko da hannu ba, kuma na riƙe ta da gaskiya har ta koma ga Allah. Amma kin ce ko a zuci. Wannan kar ki sa ni."



Inna ta sunkuya ta ɗauki Alƙur'anin, ta rungume shi a ƙirji. Yanzu ne hawayen suka zubo mata, ba sauti.

"Hafsatu ta taɓa ce min, Inna, idan Khaulat ta shigo ɗakin nan har muryarsa canzawa take yi. Na ce mata ciwo ne ke sa ta zargi, ta yi istigfari. Na sa 'yata ta nemi gafarar Allah a kan gaskiyarta." Ta miƙa hannu. "Radiyya, taho mu haɗa kayanki."

Yarinyar ta dubi ubanta, ta bi kakarta. Labulen ɗakin ya sauka a bayansu.

Khaulat na nan durƙushe. Tana tuna ɗakin asibitin, da kujerar robar da take kwana a kai, da yadda Hafsat kan juya fuska bango duk lokacin da ya shigo da kwanon abinci. Ita a zatonta ƙamshin abincin ne ba ta so.

"Khaulat," ya ce. "Ki saurare ni. Ban iya yi wa Allah ƙarya ba ne. Abu ne da na yi ta yaƙi da shi ni kaɗai, ban taɓa..."

"Ta sani." Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba. "Ina goge mata baki, ina juya ta, ina ce mata za ta warke. Tana kallona, ta sani, ba ta taɓa ce min komai ba."

"Ba laifinki ba ne."

Ta miƙe tana dafa bango. Ya miƙe shi ma, ya sha gabanta a bakin zaure, idanunsa jajur.

"Kar ki tafi a haka. Na rasa Hafsat, yanzu na rasa Radiyya. Idan kika fita ba ki ce min komai ba, ban san inda zan sa kaina ba."

Ta ɗago ta dube shi sosai.

"Ranar da ta rasu, da asuba, ta ce in fita in ba ku wuri. Na tsaya a baranda har kuka gama magana. Da na dawo na tarar kana kuka, ita kuma ta riƙe hannuna ta ƙi saki." Ta ja numfashi. "Me ta ce maka, Malam?"

Garzali ya buɗe baki, ya dubi labulen ɗakin Inna, ya sunkuyar da kai.

"Ta ce in ji tsoron Allah, in auri kowa a duniya, ban da ke."